Keke Mai Giya Ba Ya Son Guduma

Tun ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin man fetur, keke ya sake samun daraja a ƙasarmu. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da biyu, mutane da yawa kuwa suka jingine babur suka kakkaɓe ƙurar keken da ke rataye a zaure. A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, can kudancin Jihar Jigawa, dama keke bai taɓa barin hanya ba. Shi ke kai manomi gona, shi ke kai yaro makaranta, shi ke ɗauko buhun riɗi zuwa kasuwar Sara, shi ke kawo jarkar ruwa gida. Ran da ya kwanta, aikin gida duka ya kan tsaya.

Amma keken da samari da yawa suke hawa yau ba irin na iyayenmu ba ne. Su sun hau Raleigh da Phoenix, baƙin keke mai birkin ƙarfe da giya ɗaya tak. Na yanzu mai faɗin taya ne, mai giya da yawa, galibi kuwa na hannu ne da aka shigo da shi daga ƙasashen waje. Asalinsa keken hawan duwatsu ne. Waɗansu samari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara shi cikin shekarun 1970, suna gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan wani dutse mai suna Tamalpais. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da wanda ya kira Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin sayarwa. Su wasa suke yi da shi, mu kuwa aiki muke sa shi, gama ya dace da yashi da tsakuwa da tudun hanyoyin ƙauyukanmu.

Abin da muke so mu tattauna a wannan wata shi ne wurin da ƙarfin ƙafa yake shiga keke, watau kiranki. A nan ne kekuna masu giya da yawa suke mutuwa. Sau da yawa kuwa ba tsufa ke kashe su ba, gyara ne irin na tsohon keke. Guduma da ta yi wa Raleigh hidima shekara da shekaru, ita ce ajalin wannan.

Mene Ne Kiranki?

Dubi tsakiyar keke, a ƙasa, inda sandunan jikinsa suke haɗuwa. Akwai wani rami da ya ratsa daga dama zuwa hagu. Za mu kira shi cibiyar keke. Cikinta akwai gajeren ƙarfe mai juyawa a kan boris, shi ne aksul. A kowane ƙarshen aksul an ɗaura hannu guda wanda feda take ɗaure a bakinsa. Hannun dama yana ɗauke da faranti mai haƙora wanda yake jan sarƙa. A keke mai giya farantan sukan kai uku, babba da matsakaici da ƙarami. Hannuwan nan biyu tare da farantan, su ne kiranki.

Yadda ake haɗa hannu da aksul iri-iri ne, lalle ne kuwa mai keke ya san irin nasa.

Na ɗaya shi ne mai kwatafin, na Raleigh da Phoenix. Aksul ɗin zagayayye ne, an ɗan fafe gefe ɗaya. Ana sa wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙusa ta jikin hannu, a buga shi ya matse, a ɗaure da ƙaramin noti. Wannan kam da guduma ake sa shi, da guduma ake cire shi.

Na biyu shi ne mai kusurwa huɗu. Bakin aksul ɗin yana da gefe huɗu, yana kuma ɗan tsukewa zuwa ƙarshe. Ramin hannun ma haka yake. Noti ɗaya ne yake tura hannu ya hau aksul ya matse sosai. Wannan iri ne ya fi yawa a kekuna masu giya da muke gani a nan.

Na uku mai tsage-tsage ne kewaye da bakin aksul. Na kamfanin Shimano na ƙasar Japan, mai suna Octalink, tsagi 8 gare shi. Wani mai suna ISIS tsagi 10 gare shi. Sun yi kama, amma ɗaya ba ya shiga ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda aksul yake manne da hannun dama tun daga masana'anta. Aksul ɗin kamar bututu yake, kaurinsa milimita 24, boris kuwa suna cikin kofuna biyu a wajen cibiya. Shimano ya fito da nasa a 2003 da sunan Hollowtech II. Idan ka leƙa ta dama ka ga rami ya zarce, to, wannan ne.

Alamun Ciwo

Kiranki ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan yi kuka tukuna. Idan kana jin ƙara kowane zagaye daidai sa'ad da ka danna feda, tsaya ka duba. Kama hannu ɗaya ka jijjiga shi, ciki da waje. In shi kaɗai ne yake motsi, notinsa ne ya saki. In hannuwan biyu suna motsi tare, ciwon yana cikin cibiya, boris ne suka ci ko kofi ya kwance. A nan ba sai an sayi kiranki ba.

Hannun hagu ne ya fi saki. Dalili kuwa, ƙarfin ƙafar dama yana tafiya kai tsaye zuwa faranti, amma na ƙafar hagu sai ya bi ta cikin aksul kafin ya kai can. Saboda haka ramin hannun hagu ne yake shan murɗa kullum. In aka lura da wuri aka ɗaure, shi ke nan. In aka ci gaba da hawa yana girgiɗi, aksul, da yake baƙin ƙarfe ne mai tauri, sai ya cinye kusurwoyin ramin, musamman in hannun na alminiyam ne. Tafiya ɗaya daga Gwaram zuwa Basirka ta isa ta lalata shi. Bayan haka ko da wane ƙarfi aka ɗaure noti, zai sake saki.

Sai a dubi haƙoran faranti. Haƙoran da suka ci sukan yi tsini su karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya, sarƙa kuwa sai ta riƙa tsallakewa in an taka da ƙarfi. Amma a lura, a sabon faranti ma akan ga waɗansu haƙora gajeru ko masu wata siffa dabam. Da gangan aka yi su haka domin sarƙa ta hau da sauƙi wajen canjin giya. Kada a zaci karyewa suka yi.

A juya feda baya a dubi faranti daga sama. In yana lilo dama da hagu, ya lanƙwashe. A goge hannuwan kuma a nemi tsagewa, musamman kusa da ramin feda da ramin aksul. Hannun da ya tsage ba shi da magani sai sauyi. Yakan karye ne daidai lokacin da mutum ya miƙe tsaye yana hawan tudu da kaya a baya, ya faɗa kan sandar keke ko ya kifa a gaban mota. Kuɗin kiranki bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ba, balle a ce da damina ne, ga noma yana jira.

Dabaru Uku Masu Ƙara Ciwo

Ta fari ita ce cusa yankin gwangwani cikin ramin da ya ci. Zai riƙe kwana biyu ko uku, ya isa ya kai ka gida, amma gwangwani yana da laushi, zai murƙushe, ramin kuwa ya ƙara faɗi.

Ta biyu ita ce walda. Hannun alminiyam ba ya kama da aksul na baƙin ƙarfe. In hannun na ƙarfe ne zai kama, amma zafin wuta yana ƙone giris na cikin cibiya, ran da boris suka ci kuwa ba hanyar buɗewa sai a yanke. An mai da ciwo ɗaya biyu ke nan.

Ta uku ita ce guduma. Mai gyaran da ya saba da kwatafin, in ya kwance noti ya ga hannu ya ƙi fita, sai ya sa guduma ta baya ya yi ta duka. Dukan nan yana lotsa hanyar boris, yana lanƙwasa faranti, wani lokaci har ya lotsa jikin keken. Ba mugunta ba ce, rashin kayan aikin ne. Akwai ɗan ƙarfen da aka yi musamman domin wannan aiki, za mu zo kansa.

Abubuwa Biyar Kafin Ka Biya Kuɗi

Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin kilomita 130 ne. Wanda ya tafi can ko ya ba direba saƙo aka kawo masa abin da bai shiga ba, ya yi hasarar kuɗin kaya da kuɗin mota. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce, ka tafi da tsohon kirankin a hannu, in da hali da aksul ɗinsa. Gani ya kori ji. Sa'an nan ka duba abubuwan nan biyar.

Na ɗaya, bakin aksul. Mai kusurwa huɗu sai mai kusurwa huɗu, mai tsagi 8 sai mai tsagi 8. In kuwa hannun hagu kaɗai za ka saya, akwai tarko. A waɗansu hannuwa gefen ramin ne yake fuskantar feda, a waɗansu kuwa kusurwar ce take fuskantarta. In ka haɗa iri biyu, hannuwan ba za su miƙe a layi ɗaya ba, ɗaya zai karkace, ba kuwa yadda za a gyara. Ɗora sabo a kan tsoho ka ga ramukan sun dace.

Na biyu, tsawon hannu. Juya bayan hannun kusa da ramin feda, za ka ga lamba, 170 ko 175, wani lokaci 165. Milimita ne, daga tsakiyar ramin aksul zuwa tsakiyar ramin feda. Tilas dama da hagu su zama tsawo ɗaya, in ba haka ba mutum zai riƙa taka keke kamar mai ɗingishi, gwiwa da ƙugu su sha wahala. Ga yawancin manya 170 ya yi. Dogon mutum zai ji daɗin 175. Kekunan yara suna da gajeru, kamar 152 ko 140. Kada a sa wa keken yaro hannun manya, gama feda za ta riƙa taɓa ƙasa a kwana, ta yar da shi.

Na uku, yawan haƙora. Ƙirga su, ko ka karanta lambar da ke jikin faranti. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa: mai 48 da 38 da 28, da mai 42 da 34 da 24. Ga yadda lissafin yake. Taya mai inci 26 tana cin ƙasa kimanin mita 2 a zagaye ɗaya. In sarƙa tana kan faranti mai haƙora 42 a gaba da mai 14 a baya, taya za ta juya sau 3 a kowane zagayen feda, watau mita 6 da 'yan kai. In faranti mai 48 ne, kusan mita 7. In kuwa aka sauko kan mai 24 a gaba da mai 28 a baya, tafiyar ba ta kai mita 2 ba, amma ƙafa ba ta jin nauyi. Wanda yake bin kwalta ba kaya, kamar ɗan makaranta ko ma'aikaci, mai 48 zai ba shi gudu. Wanda yake ɗaukar buhu ko jarkoki cikin yashi da tudu, mai 42 ya fi masa, gama ƙaramin farantinsa ne zai fid da shi. Amma mafi sauƙi shi ne a mai da irin wanda aka cire, domin in girman babban faranti ya sake, sai an ɗaga ko an sauke ƙarfen canjin giya na gaba, wataƙila kuma a ƙara ko a rage tsawon sarƙa.

Na huɗu, kaurin sarƙa. Sarƙar Raleigh da Phoenix mai faɗi ce, haƙoran farantinsu kuma masu kauri ne. Sarƙar keke mai giya siririya ce, ba ta zama a kan haƙora masu kauri. Saboda haka farantin tsohon keke ba ya yi wa mai giya, kome araharsa. Ƙirga kuma faya-fayan haƙoran da ke ƙafar baya. In 6 ne ko 7 ko 8, kiranki iri ɗaya yana yi musu duka. In 9 ne ko 10, sarƙarsu ta fi siranta, sai a nemi wanda aka yi dominsu.

Na biyar, tsawon aksul. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Kowane kiranki yana da tsawon aksul da aka yi shi dominsa, kamar milimita 113 ko 118 ko 122 da rabi. In aksul ya yi gajere, ƙaramin faranti zai goga jikin keke. In ya yi tsawo, farantan za su fita waje da yawa, sarƙa ta riƙa tafiya a karkace, ta ƙi hawa babban faranti, ta kuma ci da wuri. A yawancin kekunan nan, daga tsakiyar sandar da sirdi yake kai zuwa faranti na tsakiya bai kamata ya wuce milimita 47 zuwa 50 ba. In tilas a sake aksul, a auna faɗin cibiya da rula, ko dai milimita 68 ne ko 73, a saya daidai da shi.

Sabo Ko Na Hannu?

Sau da yawa kirankin da aka ciro daga keken waje ya fi sabo mai araha ƙwari. Amma a duba shi da kyau a hasken rana. Kusurwoyin ramin su kasance da kaifi, ba su yi sulɓi ba. A gwada feda cikin raminta da hannu, ta shiga ba gardama. A ɗora hannun a kan aksul a leƙa ramin. Bakin aksul ya kamata ya rage kaɗan bai iso inda noti yake zama ba. In ya iso tun ba a ɗaure ba, ramin ya riga ya buɗe, noti ba zai sami abin matsewa ba.

Farantai iri biyu ne. Akwai waɗanda aka danne su wuri ɗaya ba sa kwancewa, in ɗaya ya ci sai a sake duka. Akwai kuma masu noti huɗu ko biyar, waɗanda za a iya sake faranti ɗaya a bar sauran. Na biyun sun fi tsada yau, sun fi araha gobe. Farantin baƙin ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi, amma ya fi jure yashi, mu kuwa yashi ne abokin tafiyarmu. Mayen ƙarfe zai nuna maka, yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

In akwai mai zoben roba kewaye da babban faranti, a zaɓe shi. Zoben nan yana hana haƙora cafke ƙafar wando ko bakin doguwar riga. Ga gidan da yara suke hawan keke zuwa makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suna a jikin kwali ba shaida ba ne, gama jabu ya yi yawa. Ka ɗauki kayan ka ji nauyinsa, ka dubi tsabtar aikinsa. Ka kuma yi magana da mai kaya tun kafin ka biya, cewa in bai shiga ba za ka dawo da shi. Tun ran gini ran zane.

Abu na ƙarshe, auna sarƙa. Daga ƙusar sarƙa zuwa ta gaba rabin inci ne. Saboda haka in ka sa rula daidai kan wata ƙusa, ƙusa ta 24 daga nan ya kamata ta faɗa daidai kan inci 12. In ta zarce da rabin ɗigo ɗaya na takwas ɗin inci, sarƙar ta miƙe, a sake ta. In ta zarce da cikakken ɗigo, haƙoran baya ma sun ci. Tsohuwar sarƙa a kan sabon faranti za ta cinye shi da wuri.

Yadda Ake Cirewa

Za mu bi mai kusurwa huɗu, tun da shi ya fi yawa. Kayan aikin su ne sifana mai lamba 15 domin feda, sifanar soket mai lamba 14 ko alanki mai lamba 8 domin notin hannu, giris, kananzir da tsumma, sai kuma maciri. Maciri ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, mai zare biyu. Na waje yana shiga zaren da ke bakin ramin hannu, na ciki kuwa yana tura aksul.

Fara da feda tun hannu yana jikin keke. A nan ne ake yawan ɓarna, gama fedar hagu zarenta na hagu ne, tana kwancewa ta inda sauran notuna suke ɗaurewa. Ga abin da zai taimake ka: ka sa sifana tana duban sama, ka ja ta zuwa ƙafar baya. Haka ake kwance feda, ta dama da ta hagu duka.

Sa'an nan cire murfin roba da ke tsakiyar hannu, ka kwance noti. Leƙa ciki ka tabbata ba wani zoben ƙarfe da ya rage, domin in ya rage maciri zai tura shi ne maimakon aksul. Goge zaren da kyau. Ja na cikin maciri baya, ka murɗa na wajen cikin hannu da yatsu har ƙarshe, ka ɗan ƙara da sifana. In bai shiga sosai ba, zai tsige zaren ya fito da shi. Yanzu murɗa na cikin. Zai yi tauri, daga nan sai ka ji ya saki, hannu ya zame a hankali. Ba duka, ba ƙara.

Tun da hannuwa sun fita, juya aksul da yatsu. In yana tafiya sumul ba girgiɗi, a bar shi. In yana ƙarar yashi, a buɗe. Kofunan cibiya akasin feda suke: sifana tana duban sama, a tura ta zuwa ƙafar gaba, dama da hagu duka. Haka yake a yawancin kekunan da muke da su. In mai sakakkun boris ne, a wanke da kananzir, a sa sababbi masu girman rubu'in inci, 11 kowane gefe, cikin giris mai yawa. In kuwa irin rufaffen nan ne da aksul da boris suke cikin gwangwani ɗaya, ba a gyara shi, sake shi ake yi, yana kuma bukatar makullinsa mai haƙora.

Yadda Ake Ɗaurawa

Goge bakin aksul da ramin hannu har su yi tsab, kada ƙwayar yashi ta rage. Shafa giris a zaren noti. Fara da hannun dama. Tura shi da hannu, ka juya ka ga faranti bai kusa taɓa jikin keke ba, gama in an ɗaure zai ƙara matsawa ciki kaɗan. Sa noti da yatsu tukuna, kāna ka kawo sifana.

Ɗaurin yana son ƙarfi sosai. In sifanarka tana da tsawon santimita 20, ƙarfin da ake bukata kamar a rataya jarkar ruwa mai lita 20 ne a ƙarshenta. Kada a rage, gama sakon ɗauri shi ne mafarin ciwon. Kada kuma a ƙara bututu a hau da ƙafa, domin hannun yana iya tsagewa.

Sa hannun hagu yana duban kishiyar na dama daidai, ka ɗaure shi haka. Mai da murfin roba, shi yake hana ƙura da ruwa lalata zaren da maciri zai bukata wata rana.

Sai feda. A bakin kowace akwai harafi, R ta dama, L ta hagu. Shafa giris, ka fara murɗawa da yatsu zuwa ƙafar gaba. In ta ƙi shiga da yatsu, tsaya, ko dai ka ɗauki ta wancan gefe ko ta hau a karkace. Wanda ya tilasta mata da sifana ya kashe sabon hannu tun bai hau ba. Sauri ya haifi nawa.

Ga mai irin na huɗu, aikin ya fi sauƙi. A zura aksul daga dama, a sa hannun hagu, a murɗa murfin robansa da ƙarfin yatsu kawai har girgiɗi ya ɓace, sa'an nan a ɗaure ƙananan notuna biyu na gefe da alanki mai lamba 5, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su yi daidai.

A ƙarshe mai da sarƙa, ka dubi ƙarfen canjin giya na gaba. Ya kamata ya tsaya a miƙe da faranti, tsakaninsa da haƙoran babban faranti milimita 1 zuwa 3. Ɗaga ƙafar baya, ka juya feda, ka gwada farantan uku. Akwai ƙananan sukurori biyu a kansa masu harafin L da H. Na L yana hana sarƙa faɗawa ciki, na H yana hana ta faɗawa waje. A murɗa su kaɗan kaɗan.

Bayan Ɗauri

Bayan tafiyar kwana biyu ko uku, a sake gwada notunan sau ɗaya, gama sabon hannu yakan ƙara zama. Daga nan sai jijjigawa da hannu kowane mako. Da damina, in an ratsa rafi ko fadama har ruwa ya kai cibiya, a sa ran za ta nemi sabon giris. Da hunturu kuma kada a cika wa sarƙa baƙin mai, domin mai da ƙura in sun haɗu sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa, su ci haƙora. A ɗiga kaɗan, a goge saura.

Iyaye, ku koya wa yara su faɗa da zarar sun ji feda tana motsi. Yaro yakan yi shiru don tsoron faɗa, ya ci gaba da hawa har abin da sifana za ta gyara cikin minti ɗaya ya zama na sayen sabo. Ku gaya masa ya sauka ya tura keken gida, ba wanda zai yi masa tsawa.

Ku kuma masu gyaran keke na Gwaram da Sara da Birnin Kudu da kewaye, ku nemi maciri da alanki da makullin cibiya ku ajiye kusa da guduma. Kekunan nan sun zo ke nan, wanda ya iya su kuwa ba zai rasa aiki ba. Mai keke ma yana da ikon ya yi tambaya cikin ladabi kafin ya miƙa kekensa: "Malam, kana da abin cire wannan?" In an ce babu, ya yi godiya ya tura kekensa gaba.